Makarantar Karo da Mota ta Gide

Ranar da Gide ya dawo Pauwa daga Ikko, bayan shekarun da har an gaji da tambayar labarinsa, abin da ya shigo da shi bai wuce akwatin kwano ba, da takalmi sau-ciki mai ƙara, sai kuma baki. Akwatin babu komai a ciki sai madubi da tsohuwar kwat. Bakin kuwa cike yake maƙil.

Bai daɗe ba garin ya ishe shi. Ya zauna gindin tsamiya ya tashi, ya leƙa maƙera ya fito, ya ce shi bai taɓa ganin garin da kurciya ce mai yawan surutu a cikinsa ba. Har ya fara shafa wa takalminsa mai don ya koma, sai tsautsayi ya kai shi kasuwar Yankara. A can ya ga Safara'u tana sayar da ƙuli-ƙuli, ɗiyar Malam Almu na Sheme, wadda mijinta ya rasu ta gama takaba. Ya taya ƙuli, ta dubi takalminsa ta ce, "Wannan ƙarar da yake yi, kuka ne ko gaisuwa?" Daga ranar maganar komawa Ikko ta mutu.

Ya aika manya, aka ce ya zo da kansa. Ya je Sheme, ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya tsugunna. Malam Almu, dattijo ne manomin auduga mai ƙarancin magana, ya dube shi sama da ƙasa.

"Mi ka iya?"

"Baba, ai na zauna Ikko."

"Zama ba sana'a ba ne. Ni ma ga ni zaune. Kana noma?"

"Baba, fartanya ai ta waɗanda ba su ga duniya ba ce."

"To madalla. Ni ɗiyata ba ta cin duniya, tuwo take ci. Kafin a tashi kasuwar auduga ta bana, ka nuna mani sana'arka in gani da idona. In babu, Bilya mahauci ya riga ka sallama, kuma shi ko ba komai gidansa ba a rasa romo."

Gide ya fito yana lissafin abin da ya iya. Ya yi dako a bakin ruwa, aka kore shi. Ya yi gadi, barci ya raba su. Abu ɗaya ne ya taɓa samunsa a Ikko wanda ba ya samun kowa: wata rana yana tsakiyar titi, ya ɗaga kai yana ƙirga tagogin wani dogon bene da masara a bakinsa, motar wani Bature ta kwashe shi. Ya faɗa kan hancinta, ya mirgino, ya zube cikin lambatu, ya tashi ko ƙwarzane babu, masarar ma tana hannunsa. Shi kansa bai san yadda aka yi ba. Amma tun kafin ya iso gida karon ya zama uku a bakinsa, motar kuma kullum ƙara girma take.

Yana cikin wannan tunani a bakin hanyar Sheme, sai ga motar auduga ta taso. Mata suka watsar da ƙwarya, wani tsoho ya daskare a tsakiyar hanya yana salati, akuya ta yi gabas, mai ita ya yi yamma. Gide ya buga cinya.

"Ga sana'a tana yawo a titi ba mai ita!"

Kashegari ya sa mai shela ya zagaya Pauwa: duk mai son mota ta buge shi ya tashi lafiya, ya zo ƙofar gidan su Gide da hantsi. Mutane suka cika, don an gama girbi, kuma kallo kyauta ne.

Gide ya sa kwat ɗinsa ya hau turmi. "Jama'a, mota ta shigo ƙasar nan, kuma ba fita za ta yi ba. Kowa a nan sai ta buge shi, ko bana ko baɗi. Abin da ke kashe mutum ba karon ba ne, rashin iya karɓarsa ne. In ta taho, kada ka tsaya mata ƙiƙam kamar icce. Ka ba ta gefenka, ka daka tsalle ka faɗa bisa hancinta, ka dunƙule kamar bushiya, ka rungume kanka da hannu biyu, ka mirgina. Babban abin da na hana kuwa shi ne tsugunno. Wanda ya tsugunna gaban mota, ƙarƙashinta zai shiga, wanda ya shiga ƙarƙashinta kuwa sai dai a nemo likkafani."

Hadi majemi ya ɗaga hannu. "In mutum na ɗauke da tulu fa?"

"Ka yar."

"In na aro ne?"

"Ka yar, ka ba da haƙuri daga baya."

Dada, mahaifiyar Gide, ta leƙo daga zaure da mazari a hannu. "Ni kam in tambaya. Shin ba a kauce mata ne?"

"Dada, kaucewa ta ƙauyawa ce. Kowa ya iya kaucewa. Wa zai zo makaranta don a koya mashi kaucewa?"

"Allah ya shirya," in ji Dada, ta koma.

Matsalar ita ce Pauwa babu mota. Gide ya ce a kawo jaki, a ɗora masa mangala, shi ne mota. Aka kawo jakin Hadi. Gide ya tsaya a gabansa ya ba da gefe, aka zabga wa jaki tsumagiya. Jaki ya taho da gudu, ya iso gaban Gide, ya ja ya tsaya, ya sunsuni kwat ɗin, ya kama aljihunta da haƙori. Aka sake. Wannan karon ya kewaye shi a hankali kamar mai tsoron taka tabarmar liman. Gide ya fusata.

"Wannan motar ba ta da zuciya!"

Ya zagaya bayan jakin don ya tura shi da kansa. Jakin kuwa ashe nan zuciyarsa take. Ƙafa biyu ya haɗa. Gide ya tashi sama, bai ba da gefe ba, bai dunƙule ba, ya sauka cikin dangar Dada ya tafi da ita ƙasa.

"Malam," in ji Hadi, "ba ka rungume kai ba."

"Wannan ribas ce," in ji Gide daga cikin karan. "Ribas karatun gaba ne, ba ku kai nan ba."

Ya ce jaki dabba ne, a nemo abu mai taya. Aka ɗunguma Kankara ranar kasuwa, aka ari amalanken 'yan farar ƙasa, aka kai shi kan gangara. Majiya ƙarfi za su sako shi, ɗalibi ya tare. Hadi ya fara. Amalanke ya gangaro, Hadi ya daka tsalle, ya faɗa ciki daram, ya gyara zama, amalanke ya wuce da shi har bakin rafi yana ɗaga wa mutane hannu.

"Mirgino! Mirgino ƙasa!" Gide yana ihu.

"Wallahi Malam nan ya fi daɗi!"

Shi ke nan makaranta ta lalace. Kowa ya ce shi ma a buge shi. Dattawa masu furfura suka shiga layi suna ture juna, wani ya ce a buge shi tare da buhunsa tunda gidansa can ƙasan gangara yake. Gide ya kore su duka, ya ce bari su ga yadda gwanaye ke yi. Ya tsaya ya juya yana bayani, hannu a sama, yana faɗin yadda motar Baturen ta kai girman masallacin Juma'a. Masu turi suka ga hannu a sama, suka ɗauka alama ce. Amalanke ya same shi a tsakiyar magana, ya kwashi ƙafafunsa, ya juye shi cikin tarin farar ƙasa. Ya taso fari fat, idanu kawai ke motsi.

Bilya mahauci yana gefe, don ya zo sayen bijimi. Ya yi dariya har ya dafa wani.

"Ɗan Ikko, an gaishe ka! Jaki ya kada ka, amalanke ya kada ka. Saura kaza."

"Kai mi ka sani ban da hanji? Ilimin nan don mota aka yi shi. Mota tana da hanci mai faɗi, tana da tsari. Kawo mota ka gani."

"Ni in kawo? Kai da ke da makaranta ba ka da allo?"

Jama'a suka kwashe. Gide ya tofar da farar ƙasa ya rantse: ranar kasuwar Yankara mai zuwa, a gaban kowa, mota ta gaske za ta buge shi ya tashi yana murmushi.

Labari ya riga shi isa Sheme. Da ya je hira da la'asar, Safara'u ta shimfiɗa masa tabarma tana ƙunshe dariya.

"An ce jaki ya ba ka karatu."

"Ƙarya ake mani. Gwaji ne."

"Ni dai in ka san mutuwa za ka yi, ka yi ta tun yanzu, kafin a ɗaura. Farin zanen takaba ya ishe ni."

"Ki faɗa wa Baba ya zo Yankara. Ya samu wuri a gaba-gaba."

Saura mota. Akwai wani direba, Mamuda, mai jigilar auduga daga wajen Sabuwa, mai wata doguwar mota tsohuwa da sai an tura take tashi. Gide ya same shi yana ɗaure wani ƙarfe da igiyar rama.

"So kake in buge ka," in ji Mamuda.

"A hankali. Kamar tafiyar jakin da ya gaji."

"Da gangan."

"Da ilimi."

"Shekara nawa ina tuƙi, kullum addu'ata kada in taka kowa, yau ga wani ya zo da ƙafarsa. Ka san birkin motar nan sai an lallashe shi? In na taka a Sheme, a Yankara yake amsawa."

"Ba na buƙatar birkinka."

Mamuda ya kira mutanen da ke wurin ya ce su shaida, shi bai nema ba, roƙonsa aka yi. Suka shaida da murna.

Da gari ya waye ranar kasuwa, ƙarfin zuciyar Gide ya ɗan ragu. Ya tuna ƙafar jaki, ya tuna amalanke, ya tuna cewa mota ƙarfe ce. Ya shiga ɗakin Dada tana wajen surfe, ya kwashe audugar da ta gurje ta ajiye don kaɗi, ya naɗa a ƙirji, ya naɗa a ciki, ya cusa a wando, ya ɗaure da tsumma, ya zumbula babbar riga a sama. Ya fito yana tafiya kamar rumbu.

"Malam, ka yi ƙiba cikin dare ɗaya," in ji Hadi.

"Ƙwanji ne. In na tara shi haka yake."

Yankara ta cika ta batse. Mutanen Pauwa sun zo har da Dada, na Sheme sun zo, na Faskari sun zo, Fulani sun bar shanunsu a kara sun hau bishiya. Masu awon auduga suka rufe sikeli. Safara'u ta jawo tirenta bakin hanya. Bilya ya bar tukuba ya tsaya da wuƙa a kugu, yana cewa ko da za a buƙaci taimako. Gide ya duba gaba, ya duba baya, bai ga Malam Almu ba. Ya ce a jira. Jama'a suka ce ba su san wannan ba. Can sai aka ji gurnani daga wajen Sheme.

Gide ya shiga tsakiyar hanya, ya gyara hula, ya ba da gefe. Ɗalibansa suka jeru. Motar ta ɓullo tana tafe tana tari, a hankali kamar yadda aka yi alkawari. Gide ya lanƙwasa gwiwa. Ya auna hancin motar, ya auna inda zai sauka, daidai gaban gilashi. Sai ya ɗaga ido ya dubi gilashin.

Malam Almu ne zaune a gaba, kusa da direba, da carbi a hannu. Gwiwa ce ta dame shi, Mamuda ya tarar da shi a bakin hanyar Sheme, ya ga dattijo, ya ba shi gidan gaba.

Kan Gide ya ɗau zafi. In ya yi tsalle, zai faɗo ne a gaban fuskar surukinsa, ƙafafu a sama, mazaunai a manne da gilashi, da takalmi a ƙafa. Da takalmi! Kansa bai gama shawara ba, ƙafafunsa sun riga sun yanke. Shekarun Ikko duka ba su kankare abin da Dada ta dasa da muciya ba. Ya zame takalmin dama, ya zame na hagu, ya zube ya tsugunna a tsakiyar hanya, kai a sunkuye.

"Baba, barka da isowa."

"Tsalle, Malam!" ɗalibai suka ɗauka gaba ɗaya. "Ka hana tsugunno! Kai ka hana!"

Mamuda ya taka birki, birki ya ce sai an jima. Ya danna hon, hon ya yi kukan ɗan akuya. Ƙarfen gaban motar ya dungure Gide a goshi, ya kwantar da shi rigingine, motar ta haye. Allah ya sa doguwa ce, tayoyin suka bi ta dama da hagu suka bar shi a tsakiya. Amma wani ƙarfe a ƙarƙashi ya kama wuyan babbar riga. Aka ji ƙyaaat! Motar ta ja shi a ƙasa tana tafiya, riga na yagewa, sai ga wani farin abu yana ɓulɓulowa ta ƙarƙashin mota, yana tashi sama, yana bin iska.

Mata suka sa salati. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo, cikinsa ya fashe! Ashe mutanen Ikko auduga ce a cikinsu!"

Wani mai awo ya cafke curi ɗaya a iska, ya murza, ya ce, "Kai, wannan mai kyau ce, an ma gurje ta."

Dada, da ta riga ta zube tana kuka, ta ji haka ta ɗago. Ta ɗauki curi ta duba. Kukan ya tsaya cak.

"Audugata! Ku fito mani da shi! In motar ba ta ƙarasa shi ba ni zan ƙarasa!"

Sai a lokacin birki ya amsa. Mota ta tsaya. Malam Almu ya buɗe ƙofa, ya sauko a hankali saboda gwiwa, ya dogara sanda, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi. Gide na kwance, goshi ya kumbura kamar goriba, baƙin mai na ɗiga masa a ƙirji, riga ta koma tsumma. Da suka haɗa ido sai ya yi ƙoƙarin tsugunnawa, kansa ya gwaru da ƙarfe.

"Baba, an zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Ya aiki?"

"Aiki da godiya."

"Madalla. Wannan ita ce sana'ar?"

Gide ya shafa goshi. Sannan ya ce a hankali, "Baba, ba a yi daidai ba. In za a ɗan ja motar baya a sake..."

"Wallahi ba da motata ba," in ji Mamuda daga sama.

Aka jawo shi ta ƙafa. Aka tattaɓa shi, ba karaya, ba targaɗe. Da kasuwa ta tabbatar yana da rai, sai dariya ta ɓalle, irin wadda har Fulanin kan bishiya sai da suka riƙe reshe. Hadi ya zo ya tsaya a kansa.

"Malam, to yanzu wanne za mu riƙe? Wanda ka faɗa ko wanda ka yi?"

"Ku riƙe kaucewa," in ji Dada, tana tsintar auduga tana dukan Gide da ita.

Bilya ya matso, ya gyara wuƙarsa, ya rusuna wa Malam Almu. "Baba, ina ga magana ta ƙare."

"Ta ƙare," in ji Malam Almu. Ya juya ga Gide. "Na ce in gani da idona, na kuwa gani, ba wanda ya kai ni kusa. Sana'a dai babu. Hankali ma ban ga alamarsa ba. Kunya ce kawai na gani, ita kuma ba a tuƙa ta a tukunya."

Gide ya sunkuyar da kai. Ya fara tunanin hanyar Ikko, da yadda zai bi ta ba riga.

"Baba, in yi magana?"

Safara'u ce, ta ajiye tire ta durƙusa gefe, ta ja mayafi. Bazawara ce, tana da bakin faɗa a kan aurenta, kowa ya sani.

"Ina jin ki."

"Ni na taɓa zaman takaba, na san ɗacinsa, ba na ƙari. Malam Bilya mutumin kirki ne, amma kullum yana tsakanin ƙaho da wuƙa, ga tari yana yi tun damina. Wannan kuwa jaki ya harbe shi, amalanke ya kwashe shi, yau mota ta bi ta kansa da lodi, ya fito yana tambayar gajiya. Irin wannan ba ya mutuwa da wuri. Shi nake so."

"Tarin nawa na hayaƙi ne!" in ji Bilya. Ba wanda ya saurare shi.

Malam Almu ya ja carbi. "Mota ba ta kashe shi ba. Yunwa fa? Ita ba ta da tsayin da za a bi ta ƙarƙashinta."

"Wannan kuma kana da gona a dajin Sabuwa da ta rasa mai nomawa. Can ko hanyar keke babu. Ka ba shi fartanya, ni zan tsaya a kansa."

Malam Almu ya dubi Gide. "Ka ji. Gona da mata, ko Ikko da takalmi."

Gide ya dubi takalminsa, wanda tayar baya ta bi ta kai ta mayar da shi kamar ganye. Ya dubi Safara'u. 

"Baba, fartanyar... babba ce?"

"Akwai wadda ta fi ta," in ji Safara'u, ta ɗauki tirenta. "Da ita za ka fara."